Littafin aikin sauya kolbak a ƙaramin laburaren fayil

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Yau na buɗe sabon reshe, wato kwafin lambar shirin da zan yi gyara a kai ba tare da na taɓa na asali ba, na sa hannu a abin da na daɗe ina kauce wa: yadda laburarenmu na fayil, wato tarin lambar shiri mai adana fayiloli a ƙananan na'urori, yake kiran direban ma'ajiya, ɓangaren da ke magana da guntun kai tsaye. Laburaren bai san irin guntun filash ɗin da za a ɗora shi a kai ba. Abin da ya sani kawai shi ne yana so a karanto masa, a rubuta masa, a goge masa. Mai amfani ne ke rubuta waɗannan ayyuka, laburaren kuma ya kira su a lokacin da ya buƙata. Su ake ce wa kolbak, wato ka bar wa wani fankshin ɗinka, shi zai neme ka.

Tun farko mun yi su ne da suna kafaffe, `bd_read` da `bd_write` da `bd_erase`, a haɗa su lokacin gini, shi ke nan. Hakan ya wadatar muddin allo yana da ma'ajiya ɗaya. Sai ga allo mai guntun filash irin NOR a kan SPI, wato wayoyin da firosesa ke magana da guntun ta kansu, ga kuma katin SD a gefe. Abokin aikina ya rufa wa abin asiri da wani canji na gama-gari mai nuna na'urar da ke kan aiki, ana juya shi kafin kowane kira. Da zare biyu, wato ayyuka biyu masu gudana tare cikin shiri ɗaya, suka fara taɓa fayil a lokaci guda, sai bayanan katin suka sauka a cikin NOR.

Na duba yadda laburaren fayil na gaba da mu suka yi. FatFs na ChaN shi ma da suna kafaffe yake aiki, `disk_read` da `disk_write` da `disk_ioctl`, amma kowannensu yana karɓar lambar na'ura, sai direba ya rarrabe da kansa. SPIFFS yana karɓar manuni zuwa fankshin, sai dai a asali ba ya miƙa musu komai da zai nuna wane tsarin fayil ne ya yi kiran, sai ka kunna `SPIFFS_HAL_CALLBACK_EXTRA`. Shi kuwa littlefs yana miƙa `struct lfs_config` gaba ɗaya, a cikinsa akwai filin `context`, wato mahalli, bayanin da ke nuna wa direba na'urar da ake nufi. Wannan ciwon ya girmi dukansu. `qsort`, fankshin jera abubuwa na C, ba shi da wurin mahalli, aka zo aka yi `qsort_r`, glibc da BSD kowa ya jera hujjojinsa daban, sai a POSIX na 2024 aka tsaida shi a kan jerin glibc.

Shawarar yau: kowane kolbak zai karɓi `void *ctx`, wato mahalli, a matsayin hujjar farko, abu na farko da ake miƙa wa fankshin, babu togiya. A lissafina aikin mako guda ne.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ga siffar da na tsaya a kai:

```c
struct bd_ops {
    int (*read)(void *ctx, uint32_t blk, uint32_t off, void *buf, uint32_t len);
    int (*prog)(void *ctx, uint32_t blk, uint32_t off, const void *buf, uint32_t len);
    int (*erase)(void *ctx, uint32_t blk);
    int (*sync)(void *ctx);
};
```

Na raba teburin ayyuka da mahalli ne don teburin ya zama `const`, ya zauna a filash ɗin firosesa bai ci RAM ba. Guntaye biyu iri ɗaya sai su yi tarayya a teburi ɗaya, kowanne da nasa mahallin. Manuni huɗu a kan Cortex-M, ƙaramin firosesan ARM, bayit 16 ne kacal, ba wani abin a zo a gani ba, amma a na'urar da ake ƙirga RAM da kilobayit, ko ƙanƙanin abu ba a yar da shi.

Na ɓata rabin yini a kan hujja ta biyar. A ƙa'idar kira ta ARM, huɗu na farko suna tafiya a rajista r0 zuwa r3, ta biyar sai ta hau sitak, wurin ajiyar wucin gadi na kira a RAM. Na so in narkar da lambar bulok da tazara su zama adireshi ɗaya mai bit 32, in koma huɗu. Sai na tuna adireshin bayit mai bit 32 yana ƙarewa a gigabayit 4, katin SD ɗin da ke kan teburina kuwa ya wuce haka. Kuma turawa ɗaya a sitak ba komai ba ce a gaban jiran SPI. Na bar biyar ɗin, na ji kunyar lokacin da na kashe.

Talata, 15 ga Oktoba

Makon da na ce ya wuce, aiki kuma yanzu ya fara.

Na mayar da direban NOR zuwa sabuwar siffa, gini ya tafi lafiya lau. Tunda ina ciki, na ɗaga ma'ajiyar wucin gadi ta rubutu daga bayit 256 zuwa 512 don in rage yawan kira. Na rubuta fayil, na rufe, na buɗe, sai CRC, lissafin da ke tabbatar da bayanai ba su canja ba, ya ƙi. Na zargi wayoyi, na zargi saurin agogon SPI har na rage shi rabi, duk a banza. Daga ƙarshe na zazzage ɗanyen bulok ɗin na zuba masa ido. Fayil ɗin gwajin lambobi ne a jere, kowane layi da lambarsa, don haka ba wuya a gane inda aka kwana. Shafin farko yana ɗauke da rabi na biyu na bayanan. Shafi na biyu kuwa `FF FF FF` ne daga sama har ƙasa, ko taɓa shi ba a yi ba. Rabin farko ya yi ɓatan dabo.

Nan take na gane. Umarnin rubuta shafi, 0x02, shafi ɗaya yake rubutawa, bayit 256 a yawancin irin waɗannan guntaye. In ka ci gaba da turo bayanai bayan iyakar shafin, adireshin ba ya tsallakawa gaba, komawa yake farkon shafin ya bi ta kan abin da ka riga ka turo. Ba ƙorafi, ba alamar kuskure. Guntun ya yi daidai abin da takardarsa ta ce zai yi.

Laifin waye, ke nan? Direban bai taɓa yanka rubutu a bakin shafi ba, saboda laburaren bai taɓa turo masa abin da ya wuce 256 ba. Laburaren kuma bai taɓa alkawarin haka ba, dacewa ce kawai. Shekara da shekaru su biyun suna zaune lafiya a kan yarjejeniyar da babu wanda ya rubuta, ni da na rubuta su duka biyun ma ban san da ita ba. Siffar fankshin tana faɗa wa kwamfaila irin hujjojin da za a miƙa. Ba ta faɗin ko `len` zai iya ƙetare shafi, ko an riga an goge wurin, ko bafar, wato wurin RAM da ke riƙe da bayanan, ta ci gaba da zama ta mai kira bayan an dawo. A nan kuwa ake asarar bayanai.

Na raba nauyin haka. Laburare ya ɗauki alkawari uku: tazara da tsawo koyaushe ninkin `prog_size` ne, rubutu ba ya fita daga bulok ɗaya, kuma ba ya rubutu sai a wurin da aka goge. Na ukun dole ne, domin a NOR gogewa ce ke mayar da kowane bit ya zama 1, rubutu kuma saukar da 1 zuwa 0 kawai yake iyawa. Yanka a bakin shafi aikin direba ne, shi ya san shafinsa.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ban rubuta lambar shiri ko layi ɗaya ba. Na zauna na rubuta sharuɗɗan kowane kolbak a samansa cikin fayil ɗin kai: abin da laburare ya yi alkawari, abin da yake jira daga direba. Bayanin ya ninka `struct` ɗin tsawo sau da yawa. Wurare uku na tsaya cak ban san me zan rubuta ba, na sa musu alamar tambaya: ma'anar kuskure, kiran laburare daga cikin kolbak, da abin da `sync` yake nufi.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Alamar tambaya ta farko. Tsohon tsarin ya ce sifiri nasara ne, sauran kuma "kuskure". Na bi direbobin da muke da su, na tarar kowa da nasa karatun. Wani yana dawo da 1, wani -1, wani kuma adadin bayit ɗin da ya rubuta, irin na `write` a Unix, sai da aka sa masa ɗan gyara a tsakiya mai mayar da shi sifiri.

Amma babbar matsalar ita ce kuskure iri biyu ne, kuma maganinsu kishiyar juna. Akwai "wannan bulok ya gaji, nemi wani". Akwai kuma "ban iya magana da na'urar ba". Na farko laburare zai iya shanye shi, ya kwashe bayanan zuwa wani bulok, mai amfani bai ma sani ba. Na biyu dole a tsaya a sanar da na sama. littlefs ya raba su: `LFS_ERR_CORRUPT`, wato -84, daga `prog` ko `erase` yana sa a ƙaura, `LFS_ERR_IO` kuma, -5, ana miƙa shi sama. Lambobin sun yi daidai da na errno a Linux.

Na ga amfanin rabon da idona. Na zare wayar MISO, wadda guntu ke mayar da amsa ta kanta, da gangan ana tsakiyar rubutu. A allona akwai abin da ke ɗage layin sama, don haka duk abin da aka karanto 0xFF ne. Direba yana tambayar rajistar hali da 0x05 yana jiran bit na sifiri, mai nuna guntu yana kan aiki, ya sauka. A 0xFF kuwa ba ranar saukarsa. Lokaci ya ƙare, direba ya ce bulok ya lalace, saboda yadda na rubuta shi ke nan tun da can. Laburare ya gaskata, ya nemi bulok na gaba, shi ma "ya lalace", haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya dawo mini da saƙon cewa ma'ajiya ta cika. Guntun da ko kashi goma ba a ci ba. Da a wajen mai amfani hakan ta faru, da an yi ta farautar abin da ya cinye wuri, waya tana can tana lilo.

Doka yanzu: ƙarewar lokaci kuskuren sadarwa ne, ba shaidar lalacewa ba. Direba ba ya cewa bulok ya lalace sai na'urar ce ta faɗa, ko ya karanto abin da ya rubuta ya ga bai yi daidai ba. Duk lambar da ta haura sifiri kuma, `assert` zai tsaida gwaji a wurin.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Akwai kolbak iri na biyu da ban yi niyyar taɓawa ba, wanda ake ba `fs_list` don ya kira shi a kan kowane fayil na cikin jaka. Abokin aikina ya zo da allonsa a hannu ya ce, "Malam, tun da na ɗauki sabon reshenka na'urar nan take sandarewa." Na ce ya nuna mini. Ashe a cikin kolbak ɗin yake goge tsofaffin fayilolin rahoto. Na ce, "Ai ba a yin haka." Ya ce, "A ina aka rubuta?" Ban da amsa.

Gaskiyarsa. Kafin in sa makulli a sabon reshen, mai hana zare biyu shiga laburare lokaci guda, abin yana wucewa bisa sa'a, ko da yake gogewar tana iya sauya ainihin bulok ɗin da jerin yake karantawa, a tsallake fayil ko a gan shi sau biyu. Da makulli ya shigo, `fs_list` ya riƙe shi, ya kira kolbak, kolbak ya kira `fs_remove`, shi kuma ya tsaya jiran makullin da zaren nasa ne ke riƙe da shi. Jiran gawon shanu.

Ya kawo shawarar makulli mai yarda zare ɗaya ya shiga sau biyu, FreeRTOS yana da shi. Zai kawar da sandarewar, amma ya dawo da mu ga tsohon ɓoyayyen ciwo, kuma gara na'ura ta tsaya a gabana da ta ci gaba tana ɓata jaka a ɓoye. Akwai kuma batun sitak. `-fstack-usage` na GCC yana faɗin abin da kowane fankshin ke ci, sai ka tara bisa jerin kira. Da ka iso kira ta manuni, lissafin ya yanke, domin ba a san wa ke can gefen ba. In kuma na can gefen zai iya sake shigowa laburare, zurfin ba shi da iyakar da zan iya rubuta wa kowa.

Don haka na cire kolbak ɗin ɗungurum. Yanzu akwai `fs_dir_open` da `fs_dir_next` da `fs_dir_close`, kamar `readdir`. Madaukin ya koma hannun mai amfani, makulli yana sakuwa tsakanin kira da kira, in ya ga dama ya tsaya a tsakiya ba sai an ƙirƙiro wata lamba mai ma'anar "ya isa" ba. SQLite yana da hanyoyin biyu, `sqlite3_exec` mai kolbak da `sqlite3_step` mai takawa ɗaya-ɗaya, na farkon ma a kan na biyun aka gina shi. Kuɗin da na biya shi ne laburare ya riƙa sanin jakunkunan da ke buɗe, don in an goge wani abu ya gyara musu matsayi. Ya ci mini kwana biyu. Kolbak ɗin direba kuwa na rubuta musu ƙarara: haramun ne kiran laburare daga cikinsu.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Muhawarar yau a kan jira ce. Goge kilobayit 4 a NOR yakan ci gomman milisakan, iyakar da takardu ke bayarwa kuma tana kaiwa ɗaruruwa. Abokin nawa yana so `erase` ya dawo nan take, in an gama direba ya kira wani kolbak na kammalawa. A baki abin da daɗi. A aikace, kowane fankshin na laburaren da ke taɓa ma'ajiya sai an farfasa shi gunduwa-gunduwa, ya ajiye inda ya tsaya, ya jira a tashe shi, domin C ba ta da hanyar dakatar da fankshin a tsakiya a dawo masa daga baya. Sake rubuta laburaren ke nan, kuma a daidai wuraren da ɗaukewar wuta ta fi haɗari. Na ƙi. Direba ya kwanta a kan semafo, wato alamar jira, katsewar agogo ko ta DMA, mai kwashe bayanai ba tare da firosesa ba, ta tashe shi, sauran zaren su yi ta aikinsu. Ta fuskar laburare kira ne na yau da kullum.

Abin da na karɓa daga ƙorafinsa shi ne batun bafa. In karatu babba ne, laburare yana miƙa wa direba bafar mai amfani kai tsaye don guje wa kwafi. Wannan bafar tana iya zama ko'ina. A Cortex-M7 layin kash na bayanai bayit 32 ne, in ka watsar da layin bayan DMA alhali bafar ba ta daidaita da shi ba, ka haɗa da maƙwabtanta. A wasu STM32F4 kuma akwai yankin CCM da DMA ba ta isa gare shi sam. Na ƙara filin `buf_align`: in bafar mai amfani ba ta cika sharaɗin ba, a bi ta bafar laburare. Batun yankin da DMA ba ta kaiwa na bar wa direba, adireshi ne, zai iya dubawa da kansa.

Sharaɗin mallaka kuma gajere ne: da kolbak ya dawo, bafa ta fita hannunsa. Wanda ke son ci gaba da rubutu a bayan fage, ya kwafa.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Wannan jimlar ta ƙarshe ta jiya ita ta hana ni barci. In direba yana da izinin dawowa kafin rubutu ya zauna, to babu tabbacin komai sai bayan `sync`. Shin laburaren yana kiran `sync` a duk inda ya kamata? Ba yadda za a yi in sani, domin direban NOR ɗinmu yana jira har rubutu ya zauna, `sync` ɗinsa `return 0` ne kawai.

Sai na rubuta direban ƙarya mai zaune a RAM a kan kwamfuta, na yi shi da mugun hali. Yana bin kowane sharaɗi da na rubuta, kuma yana cin duk 'yancin da sharaɗin ya ba shi har ƙarshe. Rubutun da bai daidaita ba, ya tsaida shiri. Rubutu a wurin da ba a goge ba, ya tsaida shiri. Duk abin da aka rubuta yana riƙe shi a gefe, karatu yana ganinsa, amma bai "zauna" ba sai an kira `sync`. Yana kuma ƙirga kira, a kira na kaza ya yi `longjmp` ya fice, wato wuta ta ɗauke. Daga cikin rubuce-rubucen da ke jira ya zaɓi wasu ya tabbatar, ya zubar da sauran, ba lallai bisa jerin da suka zo ba. Sannan a sake ɗora tsarin fayil a duba: ko tsohon fayil cikakke, ko sabo cikakke, babu na uku. A maimaita da yankewa a kira na 1, na 2, na 3, har ƙarshen aikin.

Bai daɗe ba ya kama ni. A `fs_close` ina rubuta bulok ɗin bayanai, in rubuta bayanin jaka mai nuni gare shi, sannan in kira `sync` sau ɗaya a ƙarshe. Direban ƙarya ya tabbatar da bayanin jakar, ya zubar da bayanan. Fayil ya fito da sunansa da tsawonsa daidai, cikinsa fanko. Gyaran layi ɗaya ne, `sync` a tsakanin rubutun biyu. Wannan kwaron yana nan tun fitowarmu ta farko, ladabin direbanmu ne ya rufa masa asiri.

Talata, 26 ga Nuwamba

Ƙaura. Masu tsofaffin direbobi ba za su sake rubuta su a dare ɗaya ba, don haka na yi ɗan fayil mai fankshin huɗu da ke karɓar sabuwar siffa su kira `bd_read` da 'yan'uwansa, har da fassara lambobin kuskure. Duk abin da ba sifiri ba yana zama kuskuren sadarwa, don kada a maimaita abin da ya faru ranar wayar MISO.

A gyaran wani na ga an bi gajeriyar hanya. Direbansa yana karɓar `struct nor *` a maimakon `void *`, sai ya tilasta manunin fankshin ya shiga teburin da juyin nau'i. A Cortex-M zai yi aiki, manunan biyu a r0 suke tafiya. Amma ƙa'idar C ta ce kiran fankshin ta manunin da nau'insa bai dace ba halinsa ba tabbas, MISRA C ta 2012, kundin dokokin rubuta C cikin aminci, ta hana irin wannan juyi a doka ta 11.1, kuma `-fsanitize=function` na Clang yana kama shi a C tun fitowa ta 17. Na mayar masa da shi. Layi ɗaya ne a farkon fankshin, `struct nor *n = ctx;`, ba sai an yi wa kwamfaila ƙarya ba.

An nemi a bar `sync` ya zama `NULL` ga wanda ba ya buƙata. Na ƙi wannan ma. In filin fanko ne, ba zan bambance wanda ya yi tunani ya ga ba ya buƙata da wanda ya manta ba. Ya rubuta `return 0` da hannunsa. `fs_mount` yana ƙin duk teburin da ke da gurbi.

Lambar fitowa za ta koma 2.0, tunda tsohuwar lambar shiri ba za ta ginu ba sai da ɗan fayil ɗin nan. Tsarin bayanai a kan filash bai canja ba, na ɗora hoton ma'ajiyar da tsohon gini ya rubuta a kan sabon, komai ya karantu.

Saura NAND, ɗayan nau'in filash. A can karatu yana iya yin nasara amma sai da ECC, tsarin gyaran kuskure, ya gyara wasu bit, kuma in gyaran ya kusa iyaka ya kamata a kwashe bayanan tun kafin su gagara. Wannan ba sifiri ba ne, ba kuma kuskure ba, ni kuwa da hannuna na haramta duk lambar da ta haura sifiri wata guda da ya wuce. Ko in buɗe lamba ɗaya tak mai ma'anar "an karanta, amma a ƙaura", ko in ƙara kolbak na biyar da za a tambaya bayan karatu. Na fi karkata ga ta farko. Gobe zan koya wa direban ƙarya juya bit, in ga wacce za ta fi sauƙin gwadawa.